Yaron da ya tsumbure yana ƙarami: me za a saya masa, me za a bari?

Assalamu alaikum. 'Yata tana da shekara 14, amma wanda ya gan ta zai rantse 'yar goma ce. Tana goye ta yi fama da tamowa har aka kwantar da mu. Maƙwabciyata ta ce in saya mata sha-ka-fashe a kemis, wai cikin wata biyu za ta ciko. In saya? — Wata uwa, Funtuwa

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, don girman Allah ki mayar da kuɗin nan cikin jaka. Abin da ake sayarwa da wannan suna yawanci ɗayan biyu ne: ko cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki da sa barci, ko kuma dexamethasone, wanda shi ne mafi muni. Yarinyar da ta daɗe tana shan na biyun za ki ga kumatunta sun yi luhu-luhu, tumbi ya fito, ƙafafu kuwa na nan sirara, fata ta fara nankarwa. Mutane su ce ta yi kyau. A ciki sukarin jininta na hawa, jini na hawa, ƙashi na yin laushi, kuma maganin da kansa yana tsayar da tsawo. Wato ɗan abin da ya rage mata na girma shi za a yi asara.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi zama haɗari ga 'yarki fiye da sa'o'inta. Mafi yawan tsumburewa tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A lokacin ne jiki ke gina ƙoda, da tsoka, da gaɓar da ke fitar da sinadarin insulin mai daidaita sukari. Idan abinci ya yi ƙaranci, jiki sai ya yi tsimi: ya fifita ƙwaƙwalwa, ya rage wa sauran. Yaron ya tashi da tsoka kaɗan da jiki mai saurin ajiye kitse, musamman a ciki. Kamar gida ne da aka yi wa tushen ɗaki ɗaya, daga baya aka zo za a ɗora masa bene. Likitan nan na Ingila, David Barker, shi ya fara jawo hankali kan haka a shekarun 1980, da ya ga waɗanda aka haifa ƙanana sun fi mutuwa da ciwon zuciya idan sun manyanta. A nan gida ma an gani: binciken da aka yi a Inugu aka wallafa a 2010 ya nuna waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin yawan hawan jini da matsalar sukari, suna da shekara arba'in da haihuwa.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Yaran nan su ne samari da 'yanmatanmu masu tasowa.

Ki kai ta asibiti a auna tsawonta da nauyinta, a duba jininta, a duba tsutsar ciki da tsargiya, a kuma tabbatar ba sikila ba ce, domin sikila na jinkirta girma da balaga. Idan ba ta fara al'ada ba, da sauran tsawo a gaba in sha Allah. Kuɗin maganin ki sa su a ƙwai, wake, awara da busasshen kifi. In kuwa an riga an fara ba ta, kada a yanke rana ɗaya. Likita ne zai rage mata shi a hankali.

Malama, na ga tallar garin ƙara tsawo a Facebook, da hoton kafin da bayan. Ɗana shekararsa 16, abokansa na tsokanarsa. Ya dace? — Wani uba, Maraɗi

Malam, bai dace ba. Babu gari ko ƙwayar da aka tabbatar tana ƙara wa lafiyayyen yaro tsawo. Ƙashi na tsawo ne daga wani guringuntsi da ke bakin gaɓoɓi, kuma yana rufewa da kansa: ga 'yanmata wajen shekara 14 zuwa 16, ga maza wajen 16 zuwa 18 ko ɗan sama. Yaron da ya sha wahala yana ƙarami yakan makara wajen balaga, don haka ɗanka na iya ci gaba da miƙewa bayan sa'o'insa sun tsaya. Allurar sinadarin girma gaskiya ce, amma ta yaran da gwaji ya nuna jikinsu ba ya samar da shi ce, kuma likitan yara ƙwararre ne ke rubuta ta. Tsokanar ce ta fi ci mini rai. Ka zauna da shi, ya ji daga bakinka cewa ba ka ganin wani naƙasu tattare da shi.

Ƙanena zai koma makarantar kwana, ni ke yi masa sayayya. Ƙanƙane ne tun yana yaro, shi ya sa nake cika masa akwati da lemon kwalba, madarar gwangwani mai zaƙi, biskit da taliyar leda. Har abincin tamowa na leda na gani a kasuwa, na ce ko in haɗa masa. — Yayarsa, Kano

Allah ya saka miki da alheri, kin yi zumunci. Amma akwatin nan na buƙatar gyara. Masu bincike da suka bi dubban yara tun daga haihuwa har girma a Birazil, Gwatemala, Indiya, Filifin da Afirka ta Kudu sun gano cewa ƙaruwar tsawo a shekara biyun farko alheri ce, amma saurin ƙiba bayan nan shi ke tafiya da teɓa da hawan jini a gaba. Kayan zaƙi nauyi suke ƙarawa, ba sa ƙara ko taƙi ɗaya na tsawo.

Ɗauki kwalbar lemo ta santilita 35. Sukarin da ke ciki ya kai ƙaramin cokali tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son kada abin da mutum ke sha a wuni ya wuce wajen cokali shida. Taliyar leda kuwa, ɗan ƙullin sinadarin da ke ciki cike yake da gishiri, kuma ƙodar yaron da ya tsumbure ba ta son lodi. In dole sai ya ci, ya zuba rabi.

Abincin tamowa na leda magani ne. An yi shi don yara 'yan wata 6 zuwa 59 da suka rame matuƙa, leda ɗaya na ɗauke da ƙarfin kalori 500 na gyaɗa, mai, madara da sukari. Kyauta ake bayar da shi a asibiti. Duk ledar da kika gani a tire, daga bakin wani jariri aka fizgo ta. Kada ki saya, kada ki bari a saya a gidanku.

Ki soya masa gyaɗa ki zuba a gora, ki sa ƙuli-ƙuli, dabino kaɗan, aya, madarar gari wadda ba a zuba wa sukari ba, da garin kunu na gero, waken suya da gyaɗa. Kuɗin kashewa kuma ki ce masa na ƙwai ne da ƙosai da gwaiba. Sannan takalmin ƙwallo, in da hali. Awa ɗaya ta motsa jiki kullum ake so ga ɗan shekarunsa, kuma tsoka ita ce ke zuƙe sukari daga jini.

Tunda akwai wannan haɗari, in sayi na'urar gwajin sukari ne saboda yarana? — Wata uwa, Kumasi

Hajiya, in dai ba likita ya ce ɗayansu na da ciwon ba, ba ki buƙata. Zare ya ishe ki. Ki auna tsawon yaro da zare, ki ninke shi gida biyu ya zama rabin tsawon, ki zagaya cikinsa daidai saman cibiya. In bakin zaren ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya fara yawa ko da a ido siriri ne. Ki duba bayan wuyansa da hamata: baƙin da ya yi kauri da laushi, wanda soso da sabulu ba sa fitarwa, sau da yawa ba dauɗa ba ce, alama ce jiki ya fara bijire wa insulin. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko akwai mai ciwon sukari a dangi, a je asibiti da safe kafin ya karya, a gwada sukarinsa. Sakamakon da ya kai 126 a ma'aunin miligiram, wato 7.0 a ɗaya ma'aunin, sai an sake gwadawa a tabbatar. A auna masa hawan jini sau ɗaya a shekara, ki kuma roƙi ma'aikacin ya sa maɗaurin da ya yi daidai da hannunsa, don na manya yakan yi wa siririn hannu yawa ya ba da lamba ƙasa da gaskiya.