Lambun Azhar na Alƙahira: da gaske juji ne a da?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa Lambun Azhar da ke Alƙahira a kan juji aka yi shi. Haka ne? Kuma me ya kamata baƙo ya gani a wurin?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa, ba a yi maka ƙari ba. Tudun da lambun yake kai sunansa Darrasa. Wajen shekara 500 mutanen birnin suna kwaso shara da ɓaraguzan gini suna jibgewa a bayan ganuwar gabas, har tarin ya zama tudu.

A 1984 ne Aga Khan na Huɗu, shugaban Musulmi 'yan Isma'iliyya a lokacin, ya ƙudura yi wa birnin kyautar lambu, ganin tsohuwar Alƙahira ta cushe, ba inda talaka zai sha iska. Aikin ya ja lokaci. Sai da aka gina manyan tankuna uku na ruwan shan birnin a cikin tudun aka rufe su, sannan aka yi fama da ƙasar, domin gishiri ya yi mata yawa, ba kowace shuka ke kamawa ba. An buɗe lambun a 2005. Faɗinsa hekta 30 ne, ya kuma ci kusan dala miliyan 30.

A ganina, babbar ribar aikin ita ce abin da aka tarar a ƙarƙashin sharar. Ana cikin haƙa sai ga ganuwar da Salahuddin al-Ayyubi ya fara ginawa a 1176, kusan kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta da ƙofofinta, irin su Babul Barƙiyya da Babul Mahruƙ. Sharar da ta binne ta ita ce ta kare duwatsunta duk tsawon zamanin nan. Abin nan yana taɓa mini zuciya ƙwarai.

Idan ka je, ka fara da hawa tudun da la'asar sakaliya. Ta kudu za ka hango fadar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali a samanta, ta yamma kuma hasumiyoyi rututu, ciki har da na masallacin Azhar da Faɗimiyyawa, masu mulkin Masar a lokacin, suka fara ginawa a 970, wanda lambun ya ci sunansa.

Amma don Allah kada ka tsaya nan. Gangara ka shiga Darbul Ahmar, unguwar da ke jingine da ganuwar. Unguwar masu sana'ar hannu ce da talauci ya daɗe yana ci, kuma masu aikin lambun sun gyara gidaje a cikinta, sun koya wa matasa sassaƙar dutse da kafinta. Nan ne masallacin Aƙsunƙur na 1347 yake, wanda ake kira Shuɗin Masallaci saboda tayil masu launin shuɗi da aka manna masa a zamanin Turkawan Usmaniyya. Kusa da shi akwai ginin Khayrbak, gwamnan farko da Usmaniyya suka naɗa a Masar a 1517, da madarasar Ummu Sultan Sha'aban. Ka bi titin har Babu Zuwaila, ƙofar da aka gina a 1092. Daura da ita rumfar masu ɗinkin tanti take, har yau da allura suke aiki.