Tambaya da Amsa: Mai Koyar da Harbi

Tambaya: Malam, wani a unguwar Kurna ta Kano yana tallar koyar da harbin bindiga, wai bayan kwana 3 zai ba da satifiket. Yaya zan gane ingancinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, fara neman ganin izininsa daga 'yan sanda, ka kuma tantance shi a hedikwatarsu ta Bompai, domin Dokar Makamai ta 1959 ta haramta riƙe bindiga ba lasisi, satifiket kuwa ba lasisi ba ne. Sannan ka lura da hannunsa. Ƙwararren malami yakan cire harsashi ya nuna maka babu komai a ciki kafin ya miƙa maka, yatsansa ba ya kan kunama (wurin da ake dannawa a harba), bakin bindigar kuma ba ya fuskantar mutum ko da wasa. Kwana 3 dai, a ganina, sun yi kaɗan.