Amsar kawu daga Tawa: abin da ya sa muke cewa "lafiya lau"

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, na sa ƙanwarka ta kunna mini shi har sau biyu. Ka ce shekara biyu ke nan da ka gama jami'a a Yamai, aiki bai samu ba, dare in ya yi zuciyarka ba ta saƙa maka komai sai hasara, amma gari na wayewa a ce maka ina kwana ka ce lafiya lau. Kana tambaya ko wannan al'ada tamu ba yaudarar kai ba ce, har marar lafiya yana nishi ya ce da sauƙi.

Ka fara lura da amsoshin da kansu. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, aiki da godiya. Ina sanyi, lokacinsa ne. Ina labari, sai alheri. Wanda ya ce sanyi lokacinsa ne bai ce ba ya jin sanyi ba, cewa ya yi abin yana da lokaci, zai wuce. Wanda ya ce aiki da godiya ya san nauyin aikin sarai, amma ya tuna akwai mai nemansa bai samu ba. Sannan gaisuwa zaure ce, ba a shimfiɗa dukan zancen gida a cikinta. In an gama, aka zauna, aka sha ruwa, nan ne za ka ji mutum ya ce "sai dai fa yaron nan bai kwana da daɗi ba". Alheri ake sa wa a gaba, damuwa ta biyo baya, kuma ga wanda zai iya yin wani abu a kanta ake faɗa.

Na ga amfanin wannan da idona a 1984, shekarar da damina ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyaka, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. Mazan yankinmu na Adar da dama suka tafi biɗa, wasu har Abijan. Rumbun kakanka bai kai mu tsakiyar rani ba. Amma kullum bayan isha'i sai ya tara mu ya yi lissafi da baki: akuya biyu na nan, rijiya ba ta ƙafe ba, babu wanda ya kwanta ciwo, irin shuka yana cikin tulu an liƙe bakinsa da laka. Ina saurayi lokacin, raina yakan ɓaci, ina ganin me ake ƙirgawa a gidan da hura ta koma ruwa-ruwa. Daga baya na gane cewa lissafin nan shi ya hana mu taɓa irin. Gidan da aka yanke ƙauna an daka iri an ci, da ruwa ya sauka a shekara mai zuwa babu abin zubawa a rami.

Ka san faƙo, ƙasar da ta taurare har ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga. A wajen Illela da Badagishiri an daɗe ana wuce irin wannan fili kamar ba shi da mai shi. Wajen ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo suka kyautata namu ramin shukar da muke kira tassa. Da rani ake haƙa ramin, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki ɗan kaɗan. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya tsaya a ramin ya nutse. Hatsi ya fito inda ko ciyawa ba ta fitowa, har aka koma ana sayen faƙo da kuɗi. Zuciyar da ta saba da mugun zato haka take, alheri yana sauka a kanta kullum amma yana gangarewa. "Alhamdulillahi" da ka faɗa kana tuna wani abu takamaimai, rami ɗaya ne ka haƙa. Wanda ake faɗa da baki kawai hankali yana wani wuri, wannan kam ba ya tare ruwa, kuma ina jin shi ne ya gundure ka.

Addini ma nan ya tsaya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana camfi, ya ce kyakkyawan fata yana burge shi, wato kalma mai daɗi. Ya kuma ce mu dubi na ƙasa da mu a abin duniya, kada mu raina ni'imar da ke hannunmu. Amma shi da kansa ya faɗi ciwon kansa a gaban Nana A'isha, Annabi Yakubu kuma ya yi kuka har idanunsa suka yi fari. Faɗin ciwo ba butulci ba ne.

A nan ne nake ba ka gaskiya a rabin maganarka. Mun ɓata al'adar da kanmu. Na sha ganin an kai tsoho gidan likita, a tambaye shi ina ke ciwo, ya ce da sauƙi, har lokacin magani ya wuce. Wannan ba haƙuri ba ne, cutar kai ce. Kai ma in rashin barcin nan ya ɗauki makonni, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ba ta da amfani, ka je ka ga likita ka faɗa masa komai ba tare da "da sauƙi" ba, ka kuma kira ni ko ƙarfe nawa ne. Ciwon damuwa ciwo ne kamar masassara, yana da magani.

Abu biyu nake roƙonka. Ka duba fadar da kake zama shan shayi. In tun daga butar farko har ta uku ba a zancen komai sai wane ya samu da hanya, ƙasa ta lalace, ka rage zama, don abin da kunne ya sha da yamma shi zuciya ke tuƙawa da dare. Na biyu, kafin ka kwanta ka yi lissafin kakanka, da baki, abu uku da ke nan ba su tafi ba. Bari in fara maka na yau: takardarka tana hannunka, ƙafafunka suna kai ka inda kake so, yaran maƙwabta biyu da kake koya wa lissafi sun ci jarrabawa, uwarka ce ta gaya mini.

Ita ma ka kira ta ranar Juma'a. Ka gaishe ta yadda aka saba, in kun gama ka ce mata "sai dai", ka faɗa mata abin da ka faɗa mini. Ta riga ta ji shi a muryarka, jira take ka buɗe baki.