Kakana ya yi yaƙin Burma, ko hakan zai mayar da ni Ingila?

Tambaya: Barista, shekara shida na yi ina aiki a Manchester ana cire mini kuɗin National Insurance (inshorar gwamnati) daga albashi, sai bizata ta ƙare aka taso ƙeyata gida. Zan iya karɓar kuɗin marasa aikin yi daga nan? Kuma wani ejan ya ce tunda an haifi kakana a Zariya zamanin Turawa, ya kuma yi musu yaƙin Burma, zai samo mini fasfon Birtaniya. Har na sa gonata a kasuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Amma ka janye gonar nan yau, kada ka bari ta kwana a bakin dillalai.

Kuɗin marasa aiki dai babu. Jobseeker's Allowance da Universal Credit, wato tallafin da gwamnatin Birtaniya ke ba marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, duk sai wanda ke zaune a can. Abin da aka cire maka ba ajiya ba ne da za a dawo maka da shi. Fansho ake iya biya har Najeriya, shi kuma sai an cika aƙalla shekara goma ana zubi.

Maganar kakanka ce ke ci mini rai, domin kullum sai na ji ta. Arewa ba ta taɓa zama ƙasar Ingila ba. Yanki ne da Turawa suka ce yana ƙarƙashin kariyarsu, kuma matsayin da kakanka ya samu ta nan ya faɗi ranar 1 ga Oktoba 1960, da ya zama ɗan Najeriya. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 sun zubar da jini a Burma, gaskiya ne, amma lambar yabo ba ta gadar wa jika fasfo. Bizar zuri'a da ejan-ejan ke fakewa da ita ta wanda aka haifi kakansa a cikin Birtaniya ce kanta. Zariya ba ta ciki.

To me ejan ɗin zai sayar maka? Takardar haihuwa ta jabu. Ranar da aka gano, kai za a haramta wa shiga har shekara goma, shi kuwa ya daɗe da canza lambar waya. Mutum ya dubi wanda aka dawo da shi hannu rabbana ya ce ya kawo gonar gado, ina tsoron Allah a nan?

Ka binciko takardar da aka ba ka lokacin korar. Idan cikakken umarnin kora ne, yana nan daram har sai an soke shi; idan fitarwa ce don ƙarewar biza, haramcin yana da wa'adi. Ita za ka fara kai wa lauya mai rajista.