Minsharin yaro da jinkirin magana

Tambaya: Ɗana shekararsa biyu da rabi. Kullum da dare sai minshari, baki buɗe, kuma kalmomin da yake faɗa ba su kai goma ba. Ko akwai alaƙa? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Mai yiwuwa ne ƙwarai, Hajiya. Akwai wata tsoka can bayan hanci wadda in ta kumbura takan toshe numfashi, barci ya riƙa yankewa. Takan kuma toshe siririyar hanyar da ta haɗa maƙogwaro da kunne, ruwa ya taru bayan dodon kunne. Sai yaro ya riƙa jin magana dishi-dishi, kuma abin da bai ji sosai ba, ba zai maimaita ba. Sau da yawa babu ciwo, shi ya sa iyaye ba sa lura.

Ɗan shekara 2 yakan san kalmomi kusan 50, yana haɗa biyu, kamar “ba ni”. Barcinsa awa 11 zuwa 14 ne, har da na rana.

Ki ɗauki bidiyonsa yana barci, musamman in numfashinsa na tsayawa, ki nuna wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro, a gwada jinsa. Kada a kai shi wurin wanzami cire belu. Matsalar ba a nan take ba.