Rijiyar Ajah, lambun bakin kwata da wake mai Sniper: amsoshin likita

Tambaya: Likita, gidanmu a Ajah yake nan Legas, da can fadama ce aka cike da yashi aka yanka filaye. Ruwan rijiyarmu gishiri-gishiri yake, ga Baba na da hawan jini. In mun tafasa ya isa?

Amsa: A'a 'yar'uwa, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, gishirin na nan, ƙaruwa ma yake yi. A bar shi na wanki, a sama wa Baba wani ruwan, a dinga auna jininsa. Kuma irin ƙasarku da damina ta sauka sai sokawe da rijiya su haɗe, kin dai ga kwalarar 2024. Wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa a ba shi ORS a wuce asibiti, kar a jira gari ya waye.

Tambaya: Ina noman latas da alayyahu wajen Ojo da ruwan kwata, abokan sana'a sun ce ruwa mai gudu ba ya riƙe datti. Haka ne?

Amsa: Malam wannan maganar ta daɗe tana damuna, don a Kano ma haka masu lambun bakin Jakara ke faɗa. Na san ba son ranka ba ne, gonakin gefen gari an yanka su fuloti an sayar, ba wanda ya ware wa manomi wuri mai ruwan kirki, sai bakin kwata ya rage muku. Amma gudun ruwa ba ya wanke shi, kwaso na wasu yake ya kawo maka. A Kano ruwan masana'antun jima na Bompai da Challawa na ɗauke da sinadarin kuromiyom, kai kuma kana maƙwabtaka da kasuwar Alaba inda ake fasa tsofaffin kayan lantarki ana ƙona wayoyi, ruwan sama ya wanke tokar mai ɗauke da dalma ya zubo kwata.

Abu biyu ne a ciki. Ƙwan tsutsar ciki da taifod da kwalara a kan ganye suke zama, wanki da ruwa mai tsafta da dafawa na rage su sosai, latas ne matsalar tunda ɗanye ake ci. Dalma kuwa shiga cikin ganyen take, ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, ruwan gishiri ba ya fitar da ita, wuta ba ta kashe ta. Ka tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a yankunan Anka da Bukkuyum.

In da hali ku haɗa kuɗi ku haƙa tubwel nesa da kwatar. In babu, zuba ruwan a gindin shuka kar ka watsa a ganye, ka tsayar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin tsinka, ka sa takalmin roba, masara da kuɓewa sun fi ganye dama-dama a irin wurin. Yaron da ke yawan ciwon ciki, ya ɗashe, ko yana jijjiga, asibiti a gwada jininsa, ba hayaƙi ba rubutu kaɗai ba. Asibiti nake cewa.

Tambaya: Maigida na zuba Sniper a buhun wake saboda ƙwari, ya ce in an shanya a rana shi kenan.

Amsa: Haba don Allah! Guba ce fa, saboda ita Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, mu kuma muna ba yaranmu a ƙosai. Ya sayi buhun PICS mai ninki uku, ƙwarin da kansu suke mutuwa ba iska. In wani ya sha ko ya shaƙa yana dalalar da yawu, yana gumi, numfashi na sarƙewa, kar a ɗura masa manja ko madara, kar a sa masa yatsa a maƙogwaro, huhu abin yake wucewa. A cire masa kayan da suka jiƙe, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti nan take.