Babur ɗina yana dukan ƙugu, kansa kuma yana rawa: gyara zan yi ko sauyawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Argungu, ina koyarwa a wani ƙauye a yankin Augie, ina kuma ɗan taɓa noman shinkafa a fadama. Babur ɗina mai inji 100 ne, irin wanda 'yan kabu-kabu ke hawa, sabo na saye shi shekara huɗu da suka wuce. Tun bara ya fara gajiyar da ni. Ko ƙaramin rami na faɗa sai na ji dukan har ƙuguna, in zan sha kwana sai ya riƙa lilo, in kuwa na ɗora buhu a kariya kansa ya dinga rawa ke nan. Injin dai lafiyarsa ƙalau, ba ya hayaƙi. Abokaina sun ce in sayar, in cika kuɗi in sayi sabo mai inji 150. Shin sauyawar ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka kira dillali tukuna. Ka ce tun bara matsalar ta fara, wato babur ɗin ya yi shekara uku yana kai ka wannan ƙauye ba ka koka ba. Babur ɗin da ya taɓa yin taushi sannan ya daina, wani abu ne ya ci a jikinsa, kuma duk abubuwan da ke ci a wannan ɓangare ana samun su a shagon kayan gyara. Da a ce tun ranar da ka fito da shi daga shago haka yake, da sai mu ce ƙirarsa ce ba ta dace da hanyarka ba.

Shokazoba, wato shok, aiki biyu take yi a haɗe. Sifirin da kake gani a waje shi ke ɗaukar nauyi, yana lotsawa idan taya ta haɗu da tudu, sannan ya miƙe. A cikin bututun da sifirin ya zagaye kuwa akwai mai, wanda ake tilasta masa bi ta wasu ƙananan huji duk lokacin da shok ya motsa, kuma wannan matsi shi ke hana sifirin yin ta tsalle bayan ya lotsa. Idan man ya tsiyaye ko ya tsinke saboda zafi da daɗewa, sifirin ne kaɗai ke aiki: babur ya nutse har ƙarfe ya daki ƙarfe a rami, ya kuma wullo ka sama, a kwana kuma bayansa ya riƙa hawa da sauka. Dukan da kake ji a ƙugu da lilon da kake ji a kwana suna iya kasancewa daga wannan dalili guda. Ka tsayar da babur ɗin a fili, ka danna kujerar baya da ƙarfi ka saki. Mai lafiya zai taso sau ɗaya a natse ya tsaya, wanda ya mutu kuwa zai yi ta rausaya sau biyu ko uku. Ka kuma shafa sandar da ke cikin sifirin, in ka ga danshin mai da ƙura ta manne a kai, to ya gama aiki. Shok na baya a irin waɗannan babura akasari a rufe yake zuwa, ba a buɗe shi a zuba mai, sauyawa ake yi, kuma biyun tare, domin sabo ɗaya da tsoho ɗaya suna karkatar da babur.

A ƙasan sifirin na baya, a yawancin babura, akwai wani zobe mai matakai, galibi biyar, da ake murɗawa da sifana. Mutane da yawa har su rabu da babur ba su taɓa shi ba. Wannan zobe ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, abin da yake yi shi ne ɗaga bayan babur don shok ya samu sararin motsi a ƙarƙashin nauyi. Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce idan ka zauna, shok ya lotsa kamar kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na iyakar motsinsa. Ranar zuwa makaranta kai kaɗai matakin ƙasa ko na biyu ya isa, ranar ɗauko shinkafa sai ka ƙara, amma dole ɓangarorin biyu su zauna a mataki ɗaya.

Shok na gaba ya fi sauƙin sha'ani, domin ana kwance shi, a wanke, a sa sabon sil, wato robar da ke hana mai tsiyaya, a zuba sabon mai. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin Kabi suna cin sil da wuri, musamman idan robar da ke rufe bututun ta yage. Idan ka ga zoben mai a jikin farin ƙarfen shok ɗin bayan ka danna gaba, sil ya tafi, kuma man da ke gangarowa yana iya kaiwa ga birki. A nan nake son ka tsaya a kan bakanike lokacin aikin. Wasu suna zuba baƙin man inji a shok, da ido kawai, ɗaya ya fi ɗaya yawa. Man da ya yi kauri ko ya yi yawa yana sa gaban babur ya sandare har ka ji kowace tsakuwa a kafaɗa, wanda ya yi kaɗan kuma yana sa ya nutse da zarar ka taɓa birki. Ka nemi man shok na ainihi, a auna shi da sirinji ko kofin awo daidai da abin da littafin babur ɗin ya faɗa. Babur ɗin da ya shekara huɗu a kan burji ba a taɓa sauya masa wannan mai ba, abin da zai fito daga ciki baƙin ruwa ne mai wari.

Amma kafin ka kashe ko sisi, ka auna iskar taya. Wannan shi ne abin da na fi zargi a yawancin koken taurin babur, kuma shi aka fi rainawa. Mai faci yakan bugo iska har sai taya ta yi tauri, ya matsa da babban yatsa ya ce ta yi, domin ya saba da masu lodi da ke son haka. Ƙananan babura irin naka akasari suna son iska 25 a gaba a awon geji, 28 a baya idan kai kaɗai ne, wajen 32 idan da goyo, kuma ainihin adadin naka yana cikin littafinsa ko a wata takarda da aka manna kusa da sarƙa. Tayar da aka cika fiye da ƙima ba ta shanye ƙananan gargada, tsalle take yi a kansu, riƙon ƙasanta kuma yana raguwa. Ka auna da safe kafin ka hau, domin a watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, kwalta da tafiya suna ƙara wa iskar ƙarfi. Ka duba shekarun tayar ma. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, don haka 1221 na nufin mako na 12 a shekarar 2021. Robar da ta haura shekara biyar ta fara bushewa ko da zanenta bai goge ba, tayar baya da tsakiyarta ta cinye ta baje kuwa ita ma tana sa babur tirjiya idan za a kwantar da shi a kwana.

Sauran lilon sai a neme shi a mahaɗai. Ka kafe babur a babban jak, wani ya danna bayansa har tayar gaba ta bar ƙasa, ka juya kan dama da hagu a hankali. Idan ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya yi rami. Ka kama ƙafafun shok biyu ka ja gaba ka tura baya, in akwai ƙwas-ƙwas to wuyan ya saki. Sannan ka kama tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe, domin duk wasan da ka ji daga boris ɗin taya ne ko daga bushin ƙarfen da ke riƙe da ita. Ka juya kowace taya ka ga ko rim yana lanƙwasa, ka bi sifok da sifana kana ƙwanƙwasawa, wanda ya saki ƙararsa a dushe take. Sarƙa ma tana cikin maganar, domin idan aka ɗaure ta tamau tana hana shok na baya motsi, shi ya sa ake bar mata wasan santimita 2 zuwa 3, a kuma tabbatar alamomin da ke gefen gatarin baya sun yi daidai a ɓangarorin biyu.

Rawar kai idan ka ɗora buhu kuwa ba lallai ba ne ta zama lalacewa. Kariya tana bayan gatarin tayar baya, saboda haka duk nauyin da ka ɗora mata yana ɗage gaban babur, tayar gaba ta rasa nauyin da take riƙe ƙasa da shi. An ƙera waɗannan babura ne don mutum biyu da ɗan kaya, kuma ko sabo fil aka ɗora wa babban buhu a can ƙarshen kariya zai yi rawa. Ka jawo buhun gaba ya hau kujerar goyo, ka ɗaure shi ya daina motsi, ka ƙara matakin shok da iskar baya, ka rage gudu.

Yanzu ga shawarar abokanka. Mai inji 150 zai ba ka ƙarfin ja a yashi da hawan tudu, wasu kuma suna da taya mai ɗan faɗi da gangar jiki mai nauyi, wanda ke ƙara natsuwa a kan kwalta. Amma baburan aiki da suka cika kasuwarmu, Bajaj Boxer da TVS HLX daga Indiya, Haojue da Jincheng daga Sin, da Honda Ace da aka fara fitarwa a Najeriya a 2011, duk tsarinsu guda ne a wannan fanni: bututu biyu a gaba, shok biyu a baya, motsin gaba bai cika wuce santimita 12 ko 13 ba. Daɗin da za ka ji a kan sabo, mafi yawansa daɗin sabon shok ne da sabuwar taya da sabon soso, kuma waɗannan za ka iya saya wa naka. Bambanci na gaske yana wajen baburan jeji, irin Honda XR150L mai tayar gaba inci 19 da motsin shok na gaba santimita 18, ko Yamaha XTZ125 mai tayar gaba inci 21. Babbar taya tana haye rami maimakon ta faɗa ciki. Sai dai sun fi tsada nesa ba kusa ba, sun yi tsayi ga gajeren mutum, kujerarsu siririya ce ba ta son buhu, kayan gyaransu kuma ba kowane shago ke ajiye su ba. Tun bayan da darajar naira ta faɗi a 2023, sabon babur na aiki ma ya haura naira miliyan ɗaya, alhali shok biyu da taya biyu da boris da man gaba, gaba ɗayansu, ɗan yanki ne na cikon da za a nema a wajenka.

Hali biyu ne zan ce maka ka sauya. Na farko idan shasin ya lanƙwashe ko ya tsage. In babur ɗin ya taɓa faɗuwa mai tsanani, ka sa wani ya hau ya tafi a miƙe kai kuma ka tsaya a baya ka duba ko tayoyin biyu suna bin layi ɗaya, ka kuma leƙa ƙarƙashin tanki da wajen wuya ko akwai tsaga ko fenti da ya ɓare. Shasin da aka gasa aka miƙar ko aka yi wa walda a wuya ba na amincewa da shi ga mai ɗaukar iyali. Na biyu idan aikinka ne ya fi ƙarfin babur ɗin, wato kullum cikin laka da yashi kake, ko lodi ya zama sana'a, kuma in lodin ne, mai ƙafa uku na kaya ya fi sabon babur dacewa.

Wajen sayen shok, ka tafi da tsohon a gwada tsawonsu daga hujin ɗaurewa na sama zuwa na ƙasa. Akwai masu sa dogon shok don babur ya ɗago ya yi kyan gani, amma hakan yana tura nauyi gaba, ya sa kan ya yi saurin juyawa, ya kuma sauya wasan sarƙa. Jabu ya yi yawa, wani ma sifirin ne kawai da fenti. Idan mai shago ya yarda, a cire sifirin a ja sandar da hannu: na kirki yana turjiya wajen fitowa, na banza kuwa zaruwa yake yi ba wuya. Ka kuma kai kujerar wajen masu ɗinkin kujeru su sa soso mai tauri, domin soson da ya mutu yana zaunar da mutum a kan farantin ƙasa, mai laushi sosai kuma ba ya jimawa yake bajewa.

Bayan an gama gyaran, ka ari mai inji 150 a hannun ɗaya daga cikin abokan nan, ka bi da shi hanyar makarantarka, washegari ka bi da naka, da iska daidai a duka biyun. In har bambancin ya kai kuɗin da za ka cika, ka sayar, kuma babur ɗin da aka gyara ya fi daraja a hannun dillali. Ciwon ƙugun kuwa, idan ya ci gaba bayan babur ya yi taushi, ko ka fara jin yana sauka a ƙafa tare da sagewa, ka je asibiti a duba ka.